Kunnen yaro na zuba? A duba bayan kunnen

Kowace ta kai yatsa bayan kunnenta ta taɓa ƙashin nan mai ɗan tudu. Ji za a yi kamar dutse, amma cikinsa ƙananan ramuka ne masu iska, kamar saƙar zuma, kuma suna da hanya zuwa cikin kunne, bayan dodon kunne. Wasu ramukansu sun fi na sauran mutane girma, haka Allah ya halicce su, in ba ciwo likita ba ya taɓa su. Wahalar tana farawa ne ranar da mugunya ta cika wurin iskar.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen, ɗan wata ƴar ƙungiyarmu ne a wajen Dungass, yaro ɗan shekara uku. Mura ta kama shi da hunturu, sai kunne ya soma zuba. Wata biyu ana ɗiga masa man gyaɗa, wata ta ce nono, wata ta ce ruwan taba. Mu ma muna zaune da uwar kowane mako wurin zubi, muna ganin ƙuda na bin kunnen, muna cewa zai daina. Rannan aka wayi gari bayan kunnen ya kumbura, ya yi ja, har ya turo kunnen gaba, jiki zafi rau. Ba kuɗin mota, sai da aka jira ranar kasuwa aka sayar da akuya. Kwana huɗu ke nan. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi, amma kunnen nan ba ya ji.

Wannan kumburin ba a kwana da shi. Ƙashin maƙwabcin ƙwaƙwalwa ne, ciwon na iya haurawa ya zama sanƙarau, ko ya taɓa jijiyar fuska baki ya karkace. Maganinsa a asibiti yake: a kwantar da yaro a yi ta allurai, in mugunya ta taru a fitar da ita, in ƙashin ya ci sai likitan kunne ya yi aiki ya kwashe ramukan da suka ruɓe. Daga likitar gari za a tura mu asibitin Magaria, in aiki ne kuwa sai babban asibitin Damagaram.

Tun kafin a kai nan, kunnen da ya soma zuba a kai shi likita. In zubar ta kai kwana 14, ta zama daɗaɗɗiya. A gida abin da aka yarda mu yi kaɗan ne: a murɗa ƙyalle mai tsabta, a tsane mugunyar sau uku a rana, a hana ruwan wanka shiga. Ban da tsinke, ban da gashin kaza, ban da ɗiga abin da likita bai bayar ba.

Tun 2006 gwamnati ta ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su. To, amma mota ba kyauta ba ce, abincin mai jinya ma haka, wani lokaci kuma a ce magani ya ƙare a je a saya. Shi ya sa a zaman mako mai zuwa muke so kowace ƙungiya ta tsai da magana: in yaro ya kumbura bayan kunne, masu makulli su buɗe akwatin taimako a ranar, ko da dare ne, ba sai an jira ranar zubi ba. Nawa za a bayar, da yadda za a mayar, ku yanke tsakaninku, sakatariya ta rubuta.