Rana kyauta ce, tashar kuwa bashi ce

In ka bi ta Malbaza ka ga farantai jere suna ƙyalli a rana. Wannan ita ce tashar lantarki da aka buɗe a watan Nuwamba na 2018. Ƙarfinta megawat 7 ne. Wasu na cewa: "Ai rana kyautar Allah ce, wutar ma kyauta ce." Wannan magana ba gaskiya ba ce.

Rana kyauta ce, amma farantai da wayoyi da kuɗi ake sayensu. Kuɗin tashar Malbaza bashi ne daga wani bankin gwamnatin Indiya. Bashi kuwa biyansa ake yi, har da ruwa. Wa zai biya? Baitulmalin ƙasa. Wa ke cika baitulmali? Kai ne, ran da ka biya haraji a kasuwar Ƙonni, ko ka kai albasar Galmi. Mai wuta yana biya. Mai kwana da tocila a ƙauyen Illela shi ma yana biya.

Akwai tashar da ta fi wannan tsada. A Warzazat ta ƙasar Maroko an buɗe wata a 2016. Madubai ne ke tara zafin rana, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji. Ana adana zafin cikin narkakken gishiri, don a sami wuta bayan magariba. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka na cikin waɗanda suka ba da bashin. Irin wannan tasha tana shan ruwa da yawa.

Ban ce a ƙi rana ba. A 2023 Nijeriya ta yanke wa ƙasarmu wuta, kowa ya ga wahalar dogara da maƙwabci. Muna son tashoshi namu. Amma kafin a ci wani bashi da sunanmu, a faɗa mana da Hausa: nawa ne? Shekara nawa za a yi ana biya? Waɗanne ƙauyuka za a kai wa wuta? Rijiyar garka za ta samu? Gidan likita fa?

Kada ka ce wannan zancen manya ne. Yanzu ka iya karatu da lissafi. Ka kai tambayoyin nan taron gari, ka sa a rubuta amsa, ka karanta da idonka. Wanda zai biya bashi, shi ya kamata ya fara sanin adadinsa.