Daɗewar Magani Ba Ta Isa Shaida Ba

In ana zancen maganin gargajiya, sau da yawa sai ka ji an ce, ai tun kaka da kakanni ake sha, da yana kisa da an gani. A ganina wannan hujja ba ta isa ba, balle ga magungunan da ake haɗawa da dalma ko zaiba ko arsanik.

Dalili kuwa, hanta ba ta kuka da wuri. Ita ke tace abin da aka haɗiya, tana kuwa iya daɗewa tana lalacewa kafin shawara ta bayyana a ido. Shi ya sa masana ke gwada irin wannan magani a jikin ɓeraye. Akan ba wasu kullum har makonni, a bar wasu, sa'an nan a auna jininsu, a duba hantarsu da madubin likita. Inda aka yi ɓarna, akan tarar sinadaran da ake kira ALT da AST sun yi yawa a jini, don sun tsiyayo daga hantar da ta ji rauni.

Masu magani na ƙasar Sin suna da tasu amsar, akwai kuma gaskiya a ciki. Gwaji ya nuna jan dutsen zaibar da suke sawa ba ya narkewa sosai a ciki, dafinsa bai kai na gishirin zaiba ba. Amma in aka daɗe ana ba ɓeraye shi da yawa, zaibar takan taru a ƙoda da hanta. Ashe ma'auni da tsawon lokaci su ne magana, mai talla a kasuwa kuwa ba ya auna ko ɗaya.

Kada a ce zancen ɓeraye ne kawai. A 2004 likitoci a Boston ta Amurka suka bayyana cewa cikin magunguna 70 irin na Indiya da suka auna, 14 suna da dalma ko zaiba ko arsanik. A wannan gari kuma, a 2011, aka sami dalma da yawa a jinin wani jariri. Da aka bi sawu, sai ga kwallin da aka kai daga Nijeriya, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

To, malaman makaranta da na ofis, ku jama'a ke tambaya. Ku gaya wa iyaye su daina sa wa jarirai kwallin dutse. Hukuma kuma ta auna duk maganin da ke da irin waɗannan ƙarafa kafin a bar shi kasuwa. Allah ya kiyashe mu.