Haske Ne Matsalar, Ba Waya Ba

Wani marubuci ya ce mai koyon ɗaukar hoton mutane a waje sai ya sayi kyamara mai tsada, wai waya ba ta fito da fuska. A cikin duhu yana da gaskiya. Amma da rana fa?

Wace kyamara ce za ta gyara fuskar da aka tsayar cikin rana tsaka? Ido a runtse, inuwa ta cika kwarminsa, goshi na ƙyalli. Ko Canon ce, abin da ta gani za ta ɗauka.

Kai mutumin bakin inuwa, fuskarsa na kallon haske, ko ka jira bayan la'asar. Nisanta shi da bango, ka taɓa idonsa a allon wayar kafin ka danna.