Mai Kuɗi Ya Ɗauki Ƴan Wasansa, Amma Ya Bar Wa Gari Sunansa

Cikin daren 28 ga watan Maris na shekara ta 1984, mutanen birnin Baltimore na ƙasar Amurka suna barci, sai manyan motocin ɗaukar kaya suka yi layi a ƙofar ofishin ƙungiyar wasan birnin, wadda ake kira Colts. Ƙungiya ce ta irin ƙwallon nan da Amurkawa ke rugawa da shi a hannu, sanye da hular kwano. Kafin gari ya waye an kwashe riguna da takardu da kujeru. Mai ƙungiyar, Robert Irsay, ya sami labarin cewa majalisar dokokin jihar Maryland tana shirin ba birnin ikon karɓe ƙungiyar da ƙarfin doka, shi kuwa ya riga su. Aka wayi gari Colts ta zama ta birnin Indianapolis, da sunanta, da launin rigarta, da tarihin fiye da shekara 30 da ta yi a Baltimore. Abin da ya rage wa mutanen garin shi ne makaɗan ƙungiyar, waɗanda suka ƙi watsewa, suka ci gaba da kiɗa a bukukuwa shekara da shekaru, alhali babu ƴan wasan da za su yi wa kiɗan.

Bayan shekara 12 Baltimore ta sami wata ƙungiya, ta hanyar da aka cuce ta da ita. Ranar 6 ga watan Nuwamba na 1995, Art Modell, mai ƙungiyar Browns ta birnin Cleveland, ya ba da sanarwar zai ƙaura da ita zuwa Baltimore, inda aka yi masa alkawarin sabon filin wasa da kuɗin jama'a. To amma mutanen Cleveland ba su naɗe hannu ba. Hukumar birnin ta kai ƙara kotu, magoya baya suka yi ta zanga-zanga, har a watan Fabrairu na 1996 aka yi sulhun da ya kamata duk mai sha'awar wasa ya sani: Modell ya tafi da ƴan wasansa da ma'aikatansa, amma sunan Browns, da launin riga, da tarihin ƙungiyar tun daga 1946, duk suka zauna a Cleveland. Ƙungiyar da ta isa Baltimore sai da ta nemi sabon suna, ta zama Ravens. A shekara ta 1999 wata sabuwar Browns ta shiga fili a Cleveland, ta ɗora daga inda tsohuwar ta tsaya.

Tsakanin waɗannan labarai biyu ne gaskiyar maganar take. Masu kallo da yawa suna ɗaukar canza suna a matsayin cin fuska mafi girma ga garin da aka bari. Lamarin akasin haka yake. Ƙungiyar da ta ƙaura ta canza suna ta amsa cewa ita wata aba ce dabam. Wadda ta ƙaura da sunan kuwa ta haɗa da abin da ba a sayar mata ba. Attajiri yana iya sayen kwangilar ƴan wasa, da izinin shiga gasa, da motoci da gine-gine. Sunan kuwa, su wa suka yi masa daraja in ba mutanen da suka yi shekaru suna sayen tikiti, suna zama cikin sanyi da ruwa, uba yana riƙe da hannun ɗansa zuwa fili ba?

Sai a tambaya, me ya sa wannan ƙaura ta yawaita a Amurka fiye da ko'ina? Dalili yana cikin tsarin gasar. A Turai da mafi yawan ƙasashen Afirka, ƙungiya tana hawa rukuni da ƙoƙarinta, tana faɗuwa da sakacinta, kuma kowane gari yana iya kafa tasa ya fara daga ƙasa. A Amurka ƙofa a rufe take. Babbar gasar ƙwallonsu tana da ƙungiyoyi 32, ta ƙwallon kwando tana da 30, babu mai faɗuwa, babu mai shigowa sai masu ƙungiyoyin sun yarda, sun kuma karɓi kuɗi masu yawa. Biranen da ke son ƙungiya sun fi ƙungiyoyin yawa, kuma da gangan aka bar abin haka. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa in kaya sun yi ƙaranci, masu saye sun yi yawa. Mai ƙungiya sai ya je wurin magajin gari ya ce a gina masa sabon fili da kuɗin haraji, in ba haka ba ga wani birni can yana jiransa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: talaka ya biya gini, ribar fili ta shiga aljihun mutum guda.

Birnin Seattle ya ɗanɗana wannan. Ƙungiyarsa ta ƙwallon kwando, SuperSonics, an kafa ta a 1967, ta zama zakaran ƙasa a 1979. A 1995 birnin ya gama sabunta mata zauren wasa da kuɗin jama'a. Shekara 10 kacal bayan haka aka ce zauren ya tsufa. Mai ƙungiyar, Howard Schultz, shugaban kamfanin Starbucks, da ya ga hukumomi sun ƙi sake buɗe baitulmali, sai ya sayar da ita a 2006 kan miliyan 350 na dalar Amurka ga wasu attajirai na birnin Oklahoma, ƙarƙashin jagorancin Clay Bennett. Su ma suka nemi a gina musu sabon zaure, majalisar jihar ta ƙi. A watan Yuli na 2008 suka biya birnin miliyan 45 don warware yarjejeniyar haya, suka tafi, ƙungiyar ta zama Thunder. Suna da launi sun zauna a Seattle, kamar yadda aka yi a Cleveland. A 2025 Thunder ta ci kofin ƙasa, aka yi biki a Oklahoma, mutanen Seattle suna kallo a talabijin, ba su da ƙungiya a gasar. Abin da zafi, amma ko ba komi ba a ɗaga kofin da sunan SuperSonics a wani gari ba, kuma kuɗin asibitoci da makarantu bai tafi ga ginin attajirai ba.

Wajibi ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin yana da hujja. Ɗan kasuwa zai ce: wanda ya zuba dukiyarsa, shi ke ɗaukar asara, in kasuwa ta mutu ba wanda zai hana shi kwashe kantinsa zuwa inda ake ciniki. Gaskiya ne. Akwai ƙungiyoyin da garinsu ya juya musu baya. Expos ta birnin Montreal a ƙasar Kanada ta yi shekarunta na ƙarshe tana wasa gaban kujeru wofi, kafin ta koma Washington a 2005 ta zama Nationals. Haka kuma mutanen sabon gari ba ɓarayi ba ne: ƴan Oklahoma sun nuna ƙaunarsu ga wasan tun lokacin da suka karɓi baƙuncin ƙungiyar New Orleans daga 2005 zuwa 2007, bayan guguwar Katrina ta lalata birninta. Babu dokar da ya kamata ta ɗaure mutum ya yi ta asara har abada. Amma mai kanti da ya tashi daga kasuwa, hajarsa yake ɗauka. Bai taɓa cire sunan kasuwar ya tafi da shi ba, bai kuma ce a gina masa rumfa da kuɗin sauran ƴan kasuwa sannan ya zauna ba.

Kayan aro ba ya rufe katara, kuma sunayen da aka ƙaura da su shaida ne. Lakers ta samo sunanta daga tafkunan jihar Minnesota, ta tafi da shi Los Angeles a 1960, birnin da ba a san shi da tafkuna ba. Jazz sunan kiɗan da aka haifa a New Orleans ne, aka kai shi jihar Utah a 1979, yana nan can kamar baƙon da ya ɓata hanya. Mafi muni shi ne na Houston, birnin man fetur. Bud Adams ya ɗauke Oilers, wato ma'aikatan mai, zuwa jihar Tennessee a 1997, ya canza mata suna zuwa Titans a 1999, amma ya kulle tsohon sunan a akwatinsa. Da Houston ta sami sabuwar ƙungiya a 2002, dole ta nemi wani suna. A 2023 ƴan Tennessee suka sanya tsohuwar rigar Oilers suka kara da ƙungiyar Houston ɗin kanta. Wace riba ke cikin wannan, ban da cin mutunci?

Ingila ta gwada irin wannan ƙaura sau guda a zamanin nan, ta kuma ji a jikinta. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wimbledon, daga kudancin Landan, an kafa ta a 1889, ta hau daga ƙananan rukunai har ta doke Liverpool da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na kofin FA a 1988. Ranar 28 ga watan Mayu na 2002, wani kwamitin mutum 3, da rinjayen 2 a kan 1, ya ba masu ita izinin kai ta Milton Keynes, kimanin kilomita 90 daga gida. Ta ƙaura a 2003, ta zama MK Dons a 2004. Magoya bayan ba su bi ta ba. Cikin kwanaki kaɗan suka kafa tasu, AFC Wimbledon, mallakar su da kansu, suka kira duk mai iya taka leda ya zo gwaji a filin unguwa, suka fara daga rukuni na 9. Sannu ba ta hana zuwa: a 2011 suka shiga gasar ƙwararru. A 2007 matsin lambar magoya baya ya sa MK Dons ta mayar da kofuna da kayan tarihin tsohuwar Wimbledon ga hukumar gundumar Merton. A 2018 MK Dons ta faɗi ƙasa da AFC Wimbledon a rukuni, a 2020 kuma ƴan Wimbledon suka koma sabon filinsu a Plough Lane, kusa da inda tsohon yake.

Kada a ɗauka cutar ta tsaya ga ƙasashen Turawa. A Afirka ta Kudu doka ta yarda a sayar da gurbin ƙungiya a babban rukuni kamar yadda ake sayar da fili. Bidvest Wits ta Johannesburg, wadda aka kafa a 1921, ta zama zakaran ƙasa a 2017, aka sayar da gurbinta a 2020 ga wata ƙungiya ta lardin Limpopo, saura shekara guda ta cika 100. Bloemfontein Celtic, mai kore da fari, wadda magoya bayanta suka yi suna wajen rera waƙa daga farkon wasa har ƙarshe, an sayar da gurbinta a 2021 ga ƴar kasuwa Shauwn Mkhize, aka kai shi lardin KwaZulu-Natal da sunan Royal AM. A 2025, bayan rikici da hukumar haraji da kasa buga wasanninta, aka kori Royal AM daga gasar. Bloemfontein ta rasa, sabon garin bai samu ba. Ƙungiyar da aka dasa da kuɗi kaɗai, ranar da kuɗin ya ƙafe babu saiwar da za ta riƙe ta.

Magani ba ɓoyayye ba ne, an riga an gwada shi. Na farko, sulhun Cleveland ya zama ƙa'ida a kowace gasa: duk ƙungiyar da ta bar gari, suna da launi da kofuna su zauna hannun hukumar garin ko ƙungiyar magoya baya. Na biyu, duk wadda ta ci kuɗin jama'a ta ɗauki sharaɗi. Jihar Ohio ta kafa doka a 1996 mai tilasta wa irin wannan ƙungiya ta ba da sanarwar wata 6, ta kuma ba ƴan gari damar saye. Da wannan doka aka kai ƙara a 2018 lokacin da aka so ɗauke Columbus Crew zuwa Austin, ƙungiyar kuwa ta zauna da sababbin masu ita. Na uku, magoya baya su kasance da murya cikin mallaka. A Jamus, tun 1998 ƙa'ida ta tanadi cewa mambobi ne ke riƙe da rinjayen ƙuri'a a ƙungiyoyi, in ban da ƴan kaɗan da aka keɓe. A Amurka ɗin kanta, Green Bay, gari mai mutane dubu 100 da ƴan kai, yana riƙe da Packers, domin tun 1923 jama'a ne masu hannun jarinta. Sauran masu ƙungiyoyi sun hana a sake kafa irinta, kuma mai hankali ya san dalili.

Mai karatu na Maraɗi ko Damagaram ko Tawa zai iya cewa wannan rigimar masu arziki ce, ina ruwan Nijar, inda manyan ƙungiyoyi da yawa na sojoji ne da ƴan sanda da kwastan da kamfanonin gwamnati? Amsar ita ce, duk inda aka ce ƴan kasuwa su shigo su zuba jari cikin wasa, abin da yake alheri ne, tambayar mallakar suna tana biye. Ƙungiyar Maraɗi da ke ɗauke da sunan Ɗan Kasawa tana ɗauke da sunan sarkin da ya kafa sarautar Katsinawa a garin. Shin akwai kuɗin da zai sa wannan suna ya halatta a wani birni? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hukumar ƙwallon da ta rubuta wannan ƙa'ida tun babu mai saye, ta huta da shari'a ranar da mai sayen ya zo.