Makaɗi Da Gayyar Wanda Ba Ya So

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni 'yar kafar nan da ka saba ba ni, ko da ya ke yau ba zancen ofis na zo da shi ba. Wata magana ce ta gidanmu ta tsaya mini a rai, na juya ta, na sake juyawa, na ga gara in shimfiɗa ta gaban malamai da 'yan'uwana akawuna, ko wani ya hango abin da ban hango ba.

Ina da ƙane makaɗin kalangu. Gidanmu ba gidan kiɗa ba ne, haye ya yi, tsohonmu kuwa har ya bar duniya bai yi na'am da sana'ar ba. Amma Allah ya ba yaron murya, ya tara makaɗa da 'yan amshi, su tara har da sanƙira, kowannensu da iyali. Bara waccan ya yi wata waƙa a kan rijiyar unguwarmu, wadda aka fitar da kuɗin haƙa ta sau biyu ba a haƙa ba. Bai ambaci sunan kowa ba, amma ko yara sun san wanda a ke nufi. Waƙar ta bazu a wayoyin mutane, mata suna yinta wajen daka, har ya zama in ya je biki ba a barinsa ya tashi sai ya yi ta.

Da zaɓe ya ƙarato sai ga manzo daga wannan mutum ɗin da kansa, wai ana gayyatar ƙanena ya yi wasa a babban gangaminsu. Kuɗin da aka yanka masa ya fi abin da su ke samu a biki goma, za a kuwa ba da rabi kafin alƙalami. Ya zo ya same ni da dare, ya zauna bakin tabarma, ya ce, "Yaya, so na ke ka rubuta mini takardar amsa." Na ce, "Ta ƙi, ko ta yarda?" Ya yi shiru. Can ya ce, "Yaya, kai fa kullum kana buga takardun da ba ka yarda da abin da ke cikinsu ba, wata ya ƙare ka karɓi albashinka. Wa ya taɓa kiranka munafuki? Ni ma ma'aikaci ne. Kalangu ba ya jefa ƙuri'a. Ranar zaɓe na san inda zan dangwala."

Maganar ta soke ni, gama gaskiya ce. Da hannun nan nawa na taɓa buga takardar sallamar wani masinja wanda na san sarai ba shi ya yi laifin ba, na gyara waƙafi da aya yadda aka koya mana a makarantar Mishan, na kai aka sa hannu, na koma gida na ci tuwo.

Kafin in ba shi amsa sai na tuna makaɗan dā. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi kuwa na Sarkin Musulmi Abubakar. Irin waɗannan ubangijinsu ɗaya ne, shi ke ba su doki da riga da hatsi, shi ke ɗauke musu nauyin gida. Ba wanda ya ke tambayar makaɗin fada ko abin da ya ke faɗi shi ne a zuciyarsa, domin kowa ya san yabo aikinsa ne, kamar yadda busa ta ke aikin mai kakaki. In ya kira sarki toron giwa, ba wanda ya ɗauka shaida ya ke bayarwa gaban alƙali. Sarkin nan kuwa ba waƙa ta hau da shi gado ba, ba kuma ita za ta sauke shi ba. Haka makaɗan jama'a masu bin biki da suna da dandali, duk wanda ya kira su su kan je, yau su wasa mahauci, gobe su wasa direba, ba wanda ya ce sun yi baki biyu. A kan wannan tafarki ƙanena ya ke tsaye, ba kuwa tafarkin banza ba ne.

Amma da siyasar jam'iyyu ta shigo sai al'amari ya sake. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, NPC ta zama jam'iyya a 1951, tun daga nan waƙa ta sami wani aiki wanda ba ta da shi dā, watau neman ƙuri'a. Mutane irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, da suka yi wa NEPU waƙoƙi, ba don doki suka yi ba, gama jam'iyyar ba ta da dokin bayarwa. Abin da magoya bayanta suka fi samu a zamanin nan shi ne sammaci da gidan yari. Talakan da ya ji irin wannan waƙa ya san mai ita wuyansa ya sa, saboda haka ya gaskata shi. To, jama'a, a nan ne kuɗin mawaƙi ya tashi. Mai neman mulki ba zaƙin murya ya ke saye ba, in don wannan ne da faifai da lasifika sun ishe shi. Abin da ya ke saye shi ne gaskatawar nan da mutane suka yi wa mawaƙin. Shi ya sa mawaƙin da ya taɓa sukarsa ya fi masu yabonsa kullum tsada, shi ya sa kuma manzo ya tsallake makaɗan gidan maigidansa duka, ya zo ƙofar ƙanena.

Wanda ya ke so ya ga wannan ciniki a fili, sai ya dubi abin da ya faru a Abuja ran 3 da ran 4 ga Maris 1998. Ina ɗan yaro a lokacin, daga baya na karanta labarin. Wata ƙungiyar samari wadda Daniel Kanu ke shugabanta ta shirya gangami, ta kira shi tattakin mutum miliyan biyu, don a roƙi Janar Sani Abacha ya tuɓe kaki ya zarce da mulki. A sa'an nan wata uku ke nan da rasuwar Shehu Musa 'Yar'aduwa a kurkukun Abakaliki, Obasanjo na ɗaure, Abiola na tsare, Ken Saro-Wiwa kuwa an rataye shi tun Nuwamba 1995. Aka kwaso mutane a motoci daga jihohi, aka ɗauko manyan mawaƙa su yi musu wasa, cikinsu har da Shina Peters da Onyeka Onwenu. Waɗanda suka fito a Ikko don su nuna ba su yarda ba, 'yan sanda suka watsa su.

Na ambaci Onyeka Onwenu ne domin ita ce ta gabatar da wani shirin talabijin na BBC a 1984, wanda ya tona yadda aka yi almubazzaranci da dukiyar Nijeriya, mutane kuwa suka riƙe ta mace mai faɗin gaskiya. Da aka yi mata ca, ta ce ba da sunan Abacha aka gayyace su ba, an ce musu ne za a ƙarfafa wa 'yan ƙwallon ƙasa gwiwa, waɗanda za su gasar duniya a Faransa a shekarar. Ni ba ni da hujjar ƙaryata ta, ba na kuwa nema. Abin da na lura da shi shi ne, ko da gaskiyarta, bayanin bai kamo hoton ba. Abacha ya rasu ran 8 ga Yuni, wata uku bayan taron, maganar tazarce ta bi shi, amma shekaru bayan haka masu neman labari ba su daina tambayar baiwar Allah nan abin da ya kai ta dandalin ba. Ta rasu a 2024. Waɗanda suka kafa rumfunan taron da waɗanda suka tuƙa motocin, su ma an biya su, ba wanda ya san sunansu.

Duk wannan na faɗa wa ƙanena a daren. Ya ce in kuɗin ne abin ƙyama, zai fitar da sadaka daga ciki. Wannan dabara ba shi ya fara ta ba. A 2011, sa'ad da tarzoma ta tashi a Libiya, wata mawaƙiya 'yar Kanada, Nelly Furtado, ta fito ta ce a 2007 an biya ta dala miliyan ɗaya ta yi wa iyalin Gaddafi wasa na minti 45 a Italiya, za ta kuwa bayar da kuɗin. Ita tana da miliyan ɗin a ajiye bayan shekara huɗu. Na ƙanena kuwa na san kafin wata ya tsaya an biya kuɗin makaranta, an biya mai hatsi, an sayi fatar kalangu, sun ƙare. A kan wannan ne ni ke jin nauyin yanke wa ƙananan makaɗa hukunci da mudun da a ke auna manya. Mai ƙoshi in ya ƙi gayya, dare ɗaya ya rasa. Ƙanena in ya ƙi, gida tara ne za su ji a tukunya, biki kuwa ya yi ƙaranci tun da hatsi ya yi tsada.

To, Malam Edita, ga laifina. Na rubuta takardar yarda. Amma na yi wayo irin namu na akawuna, na sa sharaɗi uku a ciki: za su yi kiɗan rawa su gai da baƙi, ba za su ambaci sunan ɗan takara ba, ba kuwa za su yi wa abokin hamayyarsa zambo ba. Na zaci za a ƙi, in huta, shi ma ya huta. Ashe ko gardama ba su yi ba, suka sa hannu nan take. Da ina da hankali, da wannan saurin ya ishe ni gargaɗi.

Ranar taro ƙanena ya cika sharaɗi, su ma suka cika. Bai kira sunan kowa ba. Amma yana hawa dandali mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce, "Jama'a, ga mai waƙar rijiya nan, yau ya gane gaskiya, ya dawo gida!" Fili ya ɗauki sowa. Yana cikin kiɗa, hannuwansa duka biyu na kan kalangu, wani ya zo ta bayansa ya ɗora masa hular jam'iyya. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Ya tsaya ya cire hular gaban mutum dubbai da 'yan banga, ko kuwa ya ci gaba? Ya ci gaba. Kafin magariba hoton ya riga shi isa unguwa.

Sai bayan wannan na gane inda misalinsa da ni ya karkace, da kuwa a daren nan na gane da na faɗa masa. Takardar da ni ke bugawa ba sunana ne a ƙasanta ba. Masinjan nan da aka sallama, in ya tashi yin Allah ya isa, mai sa hannu zai yi wa, ko da ya ke ban ce wannan ya wanke ni ba. Mawaƙi kuwa ba shi da wani mai sa hannu a bayansa. Muryarsa da fuskarsa su ne sa hannun, da ya tsaya a dandalin ya riga ya rattaba, ko da kalma ɗaya bai furta ba. Sharuɗɗan da na ɓata dare ina tsarawa sun tsare bakinsa ne kaɗai, mutanen nan kuwa ba bakinsa su ke bukata ba.

Ban ce kada makaɗi ya je bikin wanda ba jam'iyyarsu ɗaya ba. In wannan mutum ɗin zai aurar da 'yarsa, ƙanena ya je ya yi kiɗa, ya wasa amarya da iyayenta, ba zan ga aibu ba, gama ba a jefa ƙuri'a a gidan biki, zumunci kuwa ya girmi jam'iyya. Makaɗin da bai taɓa faɗin ra'ayinsa ba, wanda kowa ya san duk mai kuɗi nasa ne, shi ma ba ya yaudarar kowa, an san abin da a ke ji. Wanda maganata ta shafa shi ne wanda ya riga ya ce wa mutane ga baƙi ga fari, suka gaskata shi, sa'an nan aka zo sayen gaskatawar. Ita kuwa ba tasa ba ce shi kaɗai balle ya sayar, matan nan masu daka suna da rabo a ciki.

Mutumin ya ci zaɓe. Ban ce kalangun ƙanena ne ya ba shi ba, ba ni da wannan lissafi. Rijiya dai har yau ba a haƙa ba. Ranar zaɓe ƙanena ya dangwala inda ya ce zai dangwala, ƙuri'a ɗaya. Cikin kuɗin ya ɗinka mini riga tukuicin takarda, na kuwa karɓa, da ita ni ke zuwa ofis ran Litinin.

Makon jiya an yi biki a bayan gidanmu, shi aka kira. Dare ya yi, waɗansu tsofaffin mata suka ce a yi musu waƙar rijiya kamar yadda aka saba. Makaɗa suka ɗauko kiɗan, 'yan amshi suka gyara tsayuwa, ya buɗe baki ke nan sai wani yaro daga bayan taro ya ce, "Ina hular?" Ba a yi dariya da yawa ba. Ya juya ya dubi makaɗansa, suka sake kiɗa, ya shiga wasa ango.

Shekaranjiya ya dawo da dare, ya zauna bakin tabarmar nan, ya ce in rubuta masa wata takarda wadda za a karanta a rediyo, a bayyana wa jama'a cewa bai sake jam'iyya ba, aiki kawai ya je yi. Na ce ya ba ni kwana biyu. Na ɗauko takarda, na rubuta kwanan wata da gaisuwa, nan na tsaya. Idan akwai wani cikin malamai ko akawuna masu karanta wannan shafi da ya san abin da ya kamata ya biyo bayan gaisuwar, ina roƙo ya aiko ta hannun Edita.

Haza wasalam.

Naka,
Akawun Bakin Kasuwa.