Kafin Ka Fesa wa Bishiyar Lemu Magani, Duba Gindinta

Ya ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, da zarar ganyen lemun da ke bayan gida ya soma yin rawaya yana zuba, abin da akasarinmu ke yi shi ne garzayawa kasuwa a sayo maganin ƙwari. A ganina wannan asarar kuɗi ce, domin sau da yawa ciwon ba a ganye yake ba. Bishiyar da aka yi shekara 4 ko 5 ana jira ta soma haihuwa ta cancanci a durƙusa a bincike ta.

Ka fara da ganyen. Idan tsofaffin ganye ne suka koɗe gaba ɗaya, yunwar taki ce. Idan sababbin toho sun nannaɗe, ga baƙi-baƙi kamar kunkunniya, to darɓa ce ko danginta, a nan ne feshi ke da amfani. Ɗaga kai kuma ka nemi kauci, in akwai ka sare reshen da ya kama.

In ba ka ga waɗannan ba, sai ka janye ƙasar da ke gindi da hannu. Muddin ka tarar ɓawon ya yi duhu, ya tsage, yana fitar da ƙaro, to ruɓar gindi ce. Wata ƙwayar cuta mai suna Faitoftora ce ke kawo ta, 'yar uwar wadda ke baƙanta 'ya'yan koko. Tana zaune a cikin ƙasa, kuma ba ta samun ƙarfi sai inda ruwa ke kwanciya. A nan laifin namu ne. Mukan dasa lemu da zurfi har a binne wurin auren, mu tara masa ƙasa a wuya, mu karkato masa ruwan wanka da na wanke-wanke muna ganin gata muke yi masa. Ga sarar fartanya wajen noma, ga akuyar da aka ɗaure tana gaigayar ɓawo, duk ƙofofi ne ga cutar. Kada yawan fure ya ruɗe ka, bishiyar da gindinta ya ruɓe takan cika fure gab da mutuwarta.

Idan ruɓar ba ta kai rabin kewayen gindin ba, akwai sauran dama. Kankare ɓawon da ya lalace da wuƙa mai tsabta har ka shiga lafiyayyen da kamar santimita 2, amma kada ka sassaƙe itacen. Dama maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, irin na manoman koko, ya yi kauri, ka shafe wurin. Bar gindin a buɗe ya sha iska, ka sauya wa kwata hanya, ban ruwa kuma a yi shi a da'ira daidai inda inuwar rassa ta ƙare. Busassun rassa a yanke a ƙone. Taki kuwa a jinkirta shi sai sabon toho ya fito.

Malamin gona, in ka ga ruɓar ta kusa zagaye gindin, faɗa wa mai gida gaskiya, kada ka bar shi yana ta sayen magani. A tumɓuke ta, a dasa wata a wani wuri mai tudu, wurin auren ya kasance aƙalla santimita 15 a saman ƙasa.