Tsohon Babur Ba Takarda, Dukiya Ce Da Ta Kwanta

Duk wanda ya saba shiga tsofaffin gidajen unguwar GRA a Gombe ya san cewa da wuya a rasa wani tsohon babur jingine a gareji, ko Vespa ko Suzuki ko Yamaha, ƙura ta lulluɓe shi. Akasarinsu masu injin bugu biyu ne, irin waɗanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, suna barin shuɗin hayaƙi a baya. Da yawa an saye su ne a zamanin da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, bayan rahoton 1974. A ganina, babura irin waɗannan jari ne, kuma abin da ya hana su shiga kasuwa da daraja shi ne rashin takardu.

Kwanan baya na halarci wani ciniki a unguwar. Magada sun fito da Vespar mahaifinsu, makanike ya wanke kafireto, ta tashi a bugu na uku. Mai saye, wanda ya taso daga Kano, ya yi tayi mai kyau. Da ya nemi takardu sai aka miƙa masa lasin da ya daɗe da mutuwa, ɗauke da sunan marigayi da lambar tsohuwar Jihar Bauchi. Nan take ya rage fiye da rabin tayinsa, ciniki ya watse.

Mai sayen nan bai yi zalunci ba. A 1970 masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin wannan matsala da misalin kasuwar tsofaffin motoci, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2001. Idan mai saye ba shi da hanyar bambance kaya mai kyau da mai aibi, zai saka wa dukkansu farashin mai aibi. A namu yanayin, babban aibin shi ne sata. Babur na halal da ba shi da shaida farashinsa ɗaya da na sata, don haka mai gaskiya ke biyan kuɗin laifin ɓarawo.

Rikicin takardun ma yana da tarihi. Babur ɗin da aka yi wa rajista a Gombe a 1975 ya ga jihohi uku ba tare da ya bar garejinsa ba: Jihar Arewa Maso Gabas, sai Jihar Bauchi daga 1976, sai Jihar Gombe daga 1 ga Oktoba, 1996. A tsakani an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, aka sauya fasalin lambobi a farkon shekarun 1990, aka kuma sake sauya su a 2011. Duk wanda ya ajiye babur ɗinsa kafin waɗannan sauye-sauye, tsarin ya wuce ya bar shi. Idan kuma rasit na asali da takardar kwastan sun salwanta, to sabuwar rajista ta zama doguwar tafiya tsakanin kotu da 'yan sanda da ofishin lasin.

Wani zai ce mene ne na wahala a kan babur mai hayaƙi, mai zuƙar mai, a bayan janye tallafin fetur na Mayun 2023? Gaskiya ne, ɗan acaɓa ba zai bar Bajaj ɗinsa ya koma wa tsohuwar Suzuki ba, kuma babu mai hankalin da zai nemi a cika titunan Gombe da hayaƙi. Sai dai kasuwar da ake magana a kanta daban take. Masu sayen irin wannan kaya masu tara kayan tarihi ne, waɗanda ke hawa jefi-jefi. A Indiya, Yamaha RX100 da aka daina ƙerawa a 1996 har yanzu ana rububinta. A Ingila, abin hawan da ya haura shekara 40 ana iya yi masa rajista a matsayin na tarihi, a yafe masa harajin hanya. Su sun mayar da tsufa daraja, mu kuwa muna aunawa a sikelin 'yan gwangwan, a sayar da kilo.

Saboda haka ina kira ga hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Gombe da ta buɗe ƙofa ta musamman ga tsofaffin ababen hawa. A duba lambar shasi da lambar inji, a tabbatar wa 'yan sanda ba su cikin jerin kayan sata, a karɓi rantsuwar kotu ko takardar rabon gado a madadin rasit ɗin da ya ɓata, sannan a ba da sabuwar lamba a kan kuɗi tsayayye da kowa ya sani, ba tare da neman bashin lasin na shekarun da babur ya yi a kwance ba. Gwamnati ba za ta yi asarar komai ba, domin babur ɗin da ke gareji ko kwabo ba ya biya.

Su ma masu sayarwa akwai nasu nauyin. Cinikin baka da shaidar dillali bai wadatar ba. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambobin babur da sa hannun shaidu, a kuma tabbatar an sauya sunan mai mallaka a ofishin lasin kafin a miƙa makulli. Muddin sunanka na kan takarda, ranar da aka aikata laifi da babur ɗin, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Shi kuma mai saye ya yanki inshorar da doka ta wajabta kafin ya hau titi.

Vespar nan ta GRA an mayar da ita gareji, magada kuma sun soma zancen kiran mai sikeli. Idan hukuma ta motsa da wuri, wataƙila a tsirar da ita da ire-irenta.